Igwar Jamus a Kan Tebur: Yadda Ake Bincike da Fentin 'Yan Ƙananan Igwogin Zamanin Mulkin Mallaka

Ranar da 'yar igwar ta iso hannunka, za ka buɗe leda ka tarar da abin da bai cika tafin hannu ba: tayoyi biyu, bututu kamar guntun fensir, jela, da mutum-mutumi huɗu kowanne bai fi gaɓar yatsa ba. Zuciya za ta ce ɗauko buroshi nan take. Ka dakata tukuna. Fentin igwa aikin yamma biyu ne ko uku. Abin da ke cin lokaci shi ne sanin wace igwa ce, a ina ta yi aiki, a wace shekara, kuma su wa suka ja ta. Wanda ya tsallake wannan zai gama aiki mai kyaun gani, amma ya ɗora wa sojan Kamaru igwar da ba ta taɓa sauka a Duwala ba.

Ga wanda bai saba ba, wasan yaƙin tarihi shi ne a shimfiɗa filin daga a kan tebur, da tuddai da koguna da ganuwa, a jera 'yan ƙananan sojoji, a riƙa auna tazara da tef ɗin tela, a jefa ƙwayar ludo don a san ko harbi ya samu. Jamusawan ma su suka raya shi: a 1824 wani hafsa mai suna von Reisswitz ya nuna wa manyan sojan Furusiya wasansa na Kriegsspiel, suka karɓe shi don horar da hafsoshi. Abin da ya ja ni ga igwogin Jamus kuwa shi ne labarinsu ya ratsa ta ƙofar gidanmu. Garwa, Marwa, Mora, Banyo, Dikwa, duk ƙarƙashin tutar Jamus suke kafin 1916, kuma a Yaƙin Duniya na Ɗaya akwai Hausawa a cikin kakin ɓangarorin biyu, na Jamus da na Ingila.

Fara da wuri, sannan shekara

Jamus ta riƙe yankuna huɗu a Afirka tun daga 1884 da 1885: Togo, Kamaru, Afirka ta Kudu maso Yamma wadda ita ce Namibiya ta yau, da Afirka ta Gabas wadda ta haɗa yawancin Tanzaniya da Ruwanda da Burundi. Uku daga cikinsu suna da rundunar da ake kira Schutztruppe. Togo 'yan sanda kawai gare ta. Kowace runduna da irin kayanta, kuma nan ne mutane suka fi tuntuɓe.

Ta Kudu maso Yamma ta fi kowa kayan aiki. Mayaƙanta Turawa ne a kan dawaki, suna da igwar fili ta FK 96 mai baki milimita 77, da igwar dutse ta Ehrhardt ta 1908 mai milimita 75, wadda ake kwancewa gida-gida a ɗora wa alfadarai. Guda 12 na igwar dutsen aka kai musu, kuma irinsu ne suka yi wa sojan Afirka ta Kudu ɓarna a Sandfontein ranar 26 ga Satumba 1914, kafin a miƙa wuya a Khorab a Yulin 1915. In wannan yankin ka zaɓa, ka san abin da ke bayansa. Daga 1904 zuwa 1908 rundunar nan ta yi wa ƙabilun Herero da Nama kisan ƙare dangi, kuma gwamnatin Jamus da bakinta ta amsa hakan a 2021. Ni dai ba na ɗora yaƙin Waterberg, wanda aka yi da Herero a 1904, a kan tebur. Inda aka kora mata da yara cikin hamada su mutu da ƙishirwa ba wurin jefa ƙwayar ludo ba ne. Na 1914 da 1915, inda soja ya fuskanci soja, shi nake bugawa.

Afirka ta Gabas kuwa tsofaffin kaya ta shiga yaƙi da su. Kwamandan Jamus a can, von Lettow-Vorbeck, ya fara ne da igwogin C/73 na kamfanin Krupp, ƙirar 1873, da wasu ƙanana. Sai a Yulin 1915, bayan Ingilishi sun nutsar da jirgin yaƙi Königsberg a bakin kogin Rufiji, Jamusawa suka ciro igwoginsa goma masu baki milimita 105, suka yi wa wasu ƙafafu a ma'aikatar jirgin ƙasa ta Darussalam. A Maris 1916 jirgin Marie ya kutsa ta cikin shingen jiragen Ingila ya kawo wasu sababbi, har da masu cilla harsashi sama ya faɗo bayan tudu. Ka ga amfanin shekara ke nan: igwar Königsberg ba ta da wuri a yaƙin Tanga na Nuwamban 1914, amma tana da shi a Mahiwa a Oktoban 1917, inda rundunar Najeriya ta yi asarar mutane masu yawa.

Kamaru ce ta fi kusa da mu, kuma ita ta fi ƙarancin igwa. Ƙarfin Jamus a arewacinta bindiga mai ruwa ce da ramuka da ganuwa. Da ita hafsan Jamus Hans Dominik ya karya dawakin Lamiɗo Zubairu na Yola a Marwa a Janairun 1902. A ƙarshen Agustan 1914 sojan Najeriya suka taso daga Yola suka afka wa Garwa, aka kashe kwamandansu Maclear, suka koma. A Afrilun 1915 Kyaftin von Crailsheim na Jamus ya tsallako iyaka ya kai hari Gurin. Da aka dawo Garwa karo na biyu, Kanar Cunliffe na Ingila ya zo da igwar jirgin ruwa da aka biyo Binuwai da ita, Faransawa suka zo da tasu mai milimita 95, ruwan wutar da suka yi ne ya sa Garwa ta sallama ranar 10 ga Yuni 1915. A kan dutsen Mora kuma Kyaftin von Raben ya riƙe har 18 ga Fabrairu 1916. Saboda haka in teburinka Kamaru ne, igwa ɗaya ƙarama ta ishi ɓangaren Jamus. Jera shida a gefe guda ƙarya ce, ko da dokar wasan ta yarda.

Ka ɗauki takarda ka rubuta layi ɗaya: wuri kaza, wata kaza, shekara kaza. Misalin da zan bi har ƙarshe shi ne C/73 a Afirka ta Gabas, 1915, da girman mutum-mutumi na milimita 28. Akwai na 20 da na 15, sun fi araha kuma sun fi dacewa da ƙaramin tebur, amma a na 28 ne fuska da maɓalli ke fitowa. Kowanne ka zaɓa, igwa da mutanenta su zama girma ɗaya.

Yadda ake karanta tsohon hoto

Hotunan zamanin suna nan a intanet kyauta. Ma'ajiyar tarihin gwamnatin Jamus ta saki dubbai a Wikimedia Commons, ɗakin karatun Jami'ar Frankfurt yana riƙe da tarin hotunan tsohuwar ƙungiyar mulkin mallaka ta Jamus, mishan ɗin Basel ma suna da nasu na Kamaru. Sirrin nema shi ne rubuta sunan gari yadda Bajamushe ya rubuta shi. Garwa a wurinsu Garua ce, Marwa Marua, Yola Jola, Yawunde Jaunde, Banyo Banjo, Dikwa Dikoa. Ka haɗa da kalmar Geschütz, wato igwa, ko Schutztruppe. In ka rubuta da rubutun Faransanci na yau, hotunan kasuwa da otal za su fito maka.

In hoto ya fito, kada ka tsaya ga kyansa. Ka faɗaɗa shi ka ƙirga sandunan taya. Ka duba ko akwai garkuwar ƙarfe a gaba. C/73 ba ta da garkuwa, tana da kujeru biyu a kan sandar tayoyi, ɗaya a kowane gefen bututu, kuma ta gindi ake ɗura ta, da wani dunƙulen ƙarfe mai zamewa gefe. Babban abin lura: ba ta da na'urar shanye tokari. In ta tashi, gaba ɗayanta take ja da baya, sai mutane sun kama tayoyi sun maido ta mazauninta an sake saiti. Wannan shi zai gaya maka inda za ka tsayar da kowane soja. Babu mai hankalin da zai tsaya bayan taya lokacin da aka ja igiya. Sabuwar FK 96 mai garkuwa kuwa bututun ne kaɗai ke komawa baya, shi ya sa za ka ga mutanenta a tsugune sun manne da ita.

Sai maganar launi, kuma a nan na taɓa yin ɓarnar da ta ci mini mako guda. Na ga hoton sojan Kamaru da hula baƙa ƙirin, na bi na shafa wa mutum goma sha biyu baƙi. Ashe jar dara ce. Fim ɗin wancan zamani ba ya ganin ja: ja da rawaya sukan fito da duhu, shuɗi kuma ya fito da haske kamar fari. Don haka hoto zai ba ka siffa da tsayuwa da yadda kaya suka kwanta a jiki, amma launi sai ka nemo shi daga zanen littattafan kakin soja da kayan da aka ajiye a gidajen tarihi. Su ma igwogin da suka rage, irin ta Königsberg da ke gaban ginin gwamnati a Firitoriya da wadda ke ƙofar Fort Jesus a Mombasa, an sha sake musu fenti. Ka ɗauki siffarsu, ka bar launinsu.

Gyara da haɗawa

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka bi jikin kowane gaɓa da reza ko ƙaramin magagari ka kankare layin da bakin mazubi ya bari, musamman tsakanin sandunan taya da tsawon bututu. In kayan na farin ƙarfe ne, ana iya samun dalma a ciki: ka wanke hannu bayan aiki, kada yara su kai baki. In na roba mai tauri ne, ka jiƙa samfefa kafin ka goga don kada ka shaƙi ƙurar. Daga nan ka wanke komai da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke da tsohon buroshin haƙori, domin akwai maiƙon da ke hana fenti kamawa.

Ka gwada haɗawa ba gam tukuna. Taya ta zauna daidai, jela ta taɓa ƙasa, bututu ya kwanta a tsakiya. In ƙarfe ya lanƙwashe, yatsa ya isa ya miƙar da shi a hankali. Gam mai kamawa nan take ya wadatar, ɗigo ɗaya a bakin tsinken sakace. Shawarata ita ce ka manna jiki da bututu, ka bar tayoyi daban har ka gama fenti, in ba haka ba buroshi ba zai shiga bayansu ba. Sojojin kuma ka manna kowanne a kan murfin kwalba don ka sami abin riƙo. Bakin igwar, in a toshe ya zo, ka huda shi kaɗan da bakin allura mai kauri. Ramin milimita biyu ya isa ya sa ta zama igwa.

Sannan shafin farko, wanda sauran fenti za su hau kansa. Launin toka ya fi, siriri, yadda ba zai cike ƙananan ƙusoshi ba. A waje ake fesawa, gwangwani nesa da kayan kamar taƙi guda.

Fentin igwar

Fentin ruwa ake amfani da shi, irin na Vallejo ko Citadel, ko na masu zane in shi ka samu. A tsinka shi har ya yi kaurin madara. Shafi biyu sirara sun fi ɗaya mai kauri. Da hunturu kuwa fenti yakan bushe a kan buroshi kafin ya kai jikin igwa, sai ka sami murfin roba, ka sa soso mai laima a ciki, ka shimfiɗa takardar gashin burodi a kai, ka riƙa ɗiga fentin a nan. Zai kai awa biyu bai daskare ba.

Igwogin Jamus na dab da 1914 launin toka mai ratsin kore ake shafa musu, wanda suke kira feldgrau. Ka shafe jiki da tayoyi da shi. Da'irar ƙarfen da ke bakin taya ka yi mata launin ƙarfe mai duhu, haka dunƙulen gindi da maƙallai. Kujerun nan biyu da igiyoyin fata, ruwan ƙasa.

In ya bushe, ka haɗa ruwan ƙasa mai duhu da ruwa sosai har ya zama kamar shayi ba madara, ka malala shi a jiki. Zai gangara cikin lunguna ya zauna, ƙusoshi da tsagogi su fito. Kada ka bar shi ya taru a fili. Ka tsane da busasshen buroshi. Bayan ya bushe sarai, ka ɗauki tsohon buroshi mai faɗi, ka taɓa launin farko da aka ƙara wa ɗan fari, ka goge shi a tsumma har ka ga kamar ba saura, sannan ka riƙa shafar gefuna sama-sama. Nan take za ka ga igwar ta tashi.

Yanzu sai tsufa. Igwar da aka ƙera a ƙarni na 19, ta sha rana da damina a Tanganyika, wato Tanzaniya ta yau, ba za ta yi ƙyallin ranar fareti ba. Ka yagi ɗan soso, ka taɓa ruwan ƙasa mai duhu, ka ɗan dangwala inda hannu da takalmi ke yawan taɓawa: ƙarshen jela, gefen kujeru, cibiyar taya. A bakin bututu ka shafa baƙi kaɗan, alamar hayaƙi. A ƙasan tayoyi kuma ƙura, launin ƙasar da za ka yi wa mazauninta. Ka tsaya tun kana ganin da saura. Soja yana kula da igwarsa, don ita ce ransa. Tsatsa mai yawa ba ta nuna gaskiya.

Mutanen da ke kanta

Nan ne na fi so a daɗe. Hafsoshi da sajan Jamus kakin rawaya-rawaya suke sawa, mai siririn shuɗin zare a gefuna, da hular kwano ta ƙasashen zafi ko malfar toka wadda aka naɗe gefenta na dama aka maƙale da tambarin baƙi da fari da ja. Ƙyallen da ya zagaye malfar shi ke faɗin yanki: fari na Afirka ta Gabas, shuɗi na Kudu maso Yamma, ja na Kamaru. Layi ne da bai kai kaurin zare ba a jikin mutum-mutumi, amma wanda ya sani da shi zai fara dubawa.

Askarawan Gabas kaki ne su ma, da doguwar hula mai rufin kaki da ƙyalle yana sauka a ƙeya, da naɗin ƙwauri shuɗi mai duhu, da ɗamarar fata ruwan ƙasa. Bindigarsu tsohuwar Mauser ce ta 1871 mai baƙin albarushi, mai tona asirin mai harbi da hayaƙi. Na Kamaru kakinsu da jan zare a wuya da hannu, da jar dara mai tambarin mikiya. Kaki kuwa kada ka yi wa kowa iri ɗaya. Ka haɗa rawaya mai ƙasa-ƙasa da ɗan fari, ka ƙara wa wani fari don rigarsa ta koɗe, ka ƙara wa wani ruwan ƙasa. Tun da aka toshe musu teku, abin da aka samu shi ake sawa, har da kayan ganima.

Fatar baƙin mutum ita ce inda masu fenti da yawa ke kasawa, su shafa baƙi su haska da toka, mutum ya fito kamar an tono shi daga murhu. Ka dubi bayan hannunka a rana. Ka fara da ruwan ƙasa mai duhu, ka haska goshi da karan hanci da kumatu da gaɓoɓin yatsu da ruwan ƙasa mai ja-ja, wani ka ƙara masa ɗigon ruwan goro. Mutanen nan daga wurare daban-daban aka ɗebo su, Sudan da Dahomey da Laberiya da ƙasar Hausa da cikin ƙasashen kansu, ba launi ɗaya gare su ba. Ina tuna Chari Maigumeri duk lokacin da na zo wannan gaɓa: ya yi wa Jamus soja a Kamaru, aka kama shi a Garwa a 1915, daga baya ya shiga rundunar Najeriya ya kai babban saje-manja, yau ga barikin soja da sunansa a Lokoja. Wanda kake riƙe da shi a kan murfin kwalba yana iya zama irinsa.

Kuma kada ka manta da 'yan dako. A inda ƙudan tsando ke kashe doki da alfadari, mutum ne ke jan igwa da igiya, mutum ne ke ɗaukar akwatin harsashi a ka. Igwar Königsberg guda ɗaya sai ɗaruruwan mutane sun taru kanta kafin ta motsa, da yawansu dole aka yi musu, kuma waɗanda yunwa da cuta suka kashe a cikinsu sun ninka sojan da harsashi ya kashe. Ko biyu ne ka sa a bayan igwarka, ɗaya da akwati a ka bisa gammo, ɗaya ya sunkuya da igiya a kafaɗa. Zaren ɗinki mai kauri da aka jiƙa da shayi yana yin igiya mai kyau.

Ƙasar da za ta tsaya a kai

Ka yanko katako siriri kamar milimita 60 a faɗi, 80 a tsawo, sai dai in dokar wasanku ta faɗi wani awo. Ka ajiye igwar gaba-gaba, ka bar fili a baya saboda tokarin da muka ambata. Mai jan igiya a gefe, mai saiti kusa da gindi, mai harsashi a baya, Bature da madubin hangen nesa a ɗan nesa. Ka jera su ba gam, ka duba ta kowace kusurwa, sannan ka manna.

Ka shafa farin gam na kafintoci a katakon, ka barbaɗa yashi da aka tankaɗe da rariya. Kafin ya bushe, ka ja layi biyu da tsinke a bayan tayoyi, sawun komawarta baya ke nan. Yashin ma fenti ake yi masa, in ba haka ba sai ya fito kamar tsakuwa a gefen mutum mai milimita 28. Na Tanganyika da na tudun Adamawa jar ƙasa ce, ka haska ta da ruwan ƙasa mai haske. In Mora ce, manyan duwatsu masu launin toka, ɓawon itace busasshe yana yin su sarai. Ciyawa kuma ka warware igiyar rama, ka yanka guntu-guntu, ka dasa a tsaye cikin ɗigon gam, ta kai wa soja ƙugu. Rawaya in rani ne, kore in damina.

Abu na ƙarshe shi ne banish marar ƙyalli, don hannu zai riƙa ɗaukar ta kullum. Kada ka fesa ranar da hadari ya haɗu ko iska ta yi laima, zai bushe fari fat kamar an barbaɗa gari; in ba makawa, ka shafa na buroshi. A ƙarƙashin katakon ka rubuta abin da ka fara rubutawa a takarda: C/73, Afirka ta Gabas, 1915. Ka ajiye ta cikin akwati mai murfi saboda ƙura, nesa da taga, ka bar ta kwana biyu ta gama bushewa kafin ta hau tebur.